Kasuwar da Ta Ci Jiya

Mun tashi da asuba ran Asabar, ni da maƙwabciyata, ana yayyafi. Ku da kuke cin tuwo a rumfata ta tashar manyan motoci a Parakou kun tarar da tukwane a kife, kuna ta aiko tambaya ko lafiya. Lafiya lau. Djougou na je. Zan faɗi yadda aka yi sau ɗaya, kada wani ya ƙara tare ni da zancen ina tsakiyar tuƙin tuwo.

Sai na fara da abin da ya kai ni. Ni mutuniyar wajen Dogon Dutsi ce a Nijar, tsagar Arawa na nan a fuskata daga gefen baki zuwa kunne. Ina da ƙanwa, Ladi. A shekarar babbar yunwa ina budurwa, ita ko haƙoran yarinta ba ta fara zubarwa ba. Wata mai fataucin kanwa da goro ta sauka garinmu. Inna ta ba ta Ladi ta tafi da ita kudu, Zugu, inda ake da abinci, a kan za ta dawo da ita in an yi kaka. Zugu shi ne Djougou a bakin tsofaffi. Kaka ta zo, matar ba ta dawo ba. Wata kakar ta zo ta wuce. Inna ta rasu tana kallon hanya.

Ni aure ya kawo ni Parakou. Mijina direban kamyo ne, babbar motar kaya, kuma hanya ce ta cinye shi. Kafin ya rasu ya tambaya mini a Zangon Djougou, ba wanda ya san matar, don ko sunanta na gaskiya ba mu riƙe ba. Na binne 'ya'ya biyu a garin nan, na ukun yana Kwatano. Na daina tambaya, na kama tukunya.

Abu uku na riƙe na Ladi. Tsagarmu a fuska. Ƙafar hagu da shan inna ya taɓa, tana jan ta. Da baƙar tawadar Allah, faɗin babban yatsa, a bayanta ƙasan kafaɗar dama. Ni nake mata wanka, na san wurin.

Bara gwiwa ta fara damuna, likita ya ce in rage zama gaban wuta in riƙa takawa. Shi ya sa nake rufewa ran Lahadi, mu fita yawon unguwanni da maƙwabciyata. 'Yar Najeriya ce ta wajen Kamba, koko da ƙosai take yi a ƙofar gidanmu a Banikanni, mijinta ya rasu kamar nawa, bakinta kuma ba ya hutawa. Mun taka Banikanni lungu-lungu, inda masu walda ke aiki ko ran hutu. Mun je Titirou mun zauna gindin mangwaro muna kallon mata na suya. Mun zaga Zango. Ita tana duba farashin atamfa, ni ina duba fuskokin mata. Ban taɓa gaya mata ba, amma ta gane.

Sai wata rana wani direba ɗan Ƙonni ya ci tuwo, ya wanke hannu, ya tsaya yana kallona.

"Iya, kina da 'yar'uwa wajen Djougou?"

"Me ka gani?"

"Na je lodin doya wani ƙauye bayan Sérou, mai ƙaton maɗaci tsakiyar kasuwa. Na ga wata mai kanwa. Tsagarku ɗaya, goshinku ɗaya. Har na ce mata ina tuwona. Sai dai ita tana jan ƙafa."

"Wace ƙafa?"

"Wallahi Iya ban duba ba."

"Wace rana?"

"Jiya, Lahadi. Kasuwa cike maƙil."

Na ce ya biya kuɗin tuwonsa ya tafi. Muciya ta faɗi daga hannuna bayan ya juya, ba wanda ya gani.

Lahadi biyu na bari suka wuce. Na ce gwiwa ce, amma tsoro ne. Ta ukun na ce wa maƙwabciyata ta shirya, mu tafi tun Asabar mu kwana Djougou, gari na wayewa mu riga kowa shiga kasuwar. Na ƙulla gero ɗan Nijar a leda, wanda wani direba ya kawo mini, na sa ƙasan jaka.

Motar da muka samu tsohuwa ce, biyu a gaba, huɗu a baya, akuya a but tana ba mu amsa duk ramin da aka faɗa. Jika uku-uku na sefa aka karɓa. Maƙwabciyata ta mayar da kuɗin Naira a ka, ta yi salati.

"Direba, jirgi ne ko mota?"

"Mama, in jirgi kike so, ki sauka ki jira."

Ta ce da a garinsu ne da ta kai shi ƙara wajen yuniyon. Ya ce ta kai.

Ban taɓa bin hanyar nan ba. Shekarun da na yi a ƙasar nan, hanyar arewa kawai na sani, ta zuwa gida, ita ma rabona da ita tun rasuwar Inna. Wannan ta yamma kore ce har ido ya gaji. Gonakin yazawa, kunyoyin doya manya kamar kaburbura, buhunan gawayi jere a bakin kwalta. A Bétérou muka haye gada, ruwa ja ya cika kogi yana gudu da rassan itace. Na tuna rijiyar garinmu da sai an ɗaura wa jaki igiya ya yi nisa kafin guga ya fito. Na ce a raina, in dai Ladi ta iso nan, ta sha ruwa ta ƙoshi. Inna ba ta yi kuskure ba ta wannan wajen.

Inda muka tsaya aka sauke wani fasinja, matan Fulani suka kewaye mu da wagashi, cukun madararsu da suke rinawa ja. Maƙwabciyata ta taya, ta taya, har direba ya tayar da mota, sannan ta saya a farashin farko tana miƙa kuɗi ta taga.

Dab da shiga Djougou na ga mata jere da kwanoni a ka, wasu da kaji a hannu, suna barin kwalta suna bin wata jar hanya. Babura ma na kutsawa can da kaya.

"Biki ake a ƙauyen nan," in ji maƙwabciyata.

"Ko rasuwa," na ce.

Muka wuce.

Djougou gari ne na masallatai da babura. Mun nemi Zango, muka tambayi inda baƙi mata ke sauka, aka nuna mana gidan wata Hajiya. Kakanninta fatake ne, a nan aka haife ta, Hausarta rabi Faransanci. Ta ba mu ruwa, ta ba mu tabarma da ɗaki, ba ta tambayi ko sisi ba. Sai da muka huta ta ce, "To baƙina, me ya kawo ku? Saro ko ziyara?"

"Yawo," na ce.

Maƙwabciyata ta mintsine ni. Da Hajiya ta fita ta ce, "Ke Mai tuwo, ki gaya mata mana. 'Yar gari ce, ta san kowa."

"A'a."

"Don me?"

"In na faɗa, ya lalace."

Haka aka koya mana a gida, abin da kike nema ba ki baza shi a baki kafin ki gan shi. Ta ce ni dai da taurin kai aka haife ni. Ban musa ba.

Yinin Asabar ɗin nan kaf a yawo muka kashe shi. Mun shiga unguwar maƙera, suna ƙera awarwaro da zobe a ƙofar gida, yara na hura zuga-zugi. Mun ga masaƙa a wani lungu, zare ya miƙe daga wannan bango zuwa wancan har sai ka sunkuya ka wuce. Mun ci sakwarar sabuwar doya da miyar gyaɗa da wagashi, jika ɗaya mu biyu muka ƙoshi. Gaskiya sun iya daka. Ni da nake tuƙa tuwo tun kafin a haifi mai abincin, ban ga abin kushewa ba, sai dai gishiri ya ɗan yi yawa. Maƙwabciyata ta sayi awarwaro biyu, ta ce na jikarta ne, ta zura a hannunta.

Ni ba awarwaro nake kallo ba. Lungunan tsohon gari ƙanana ne, duwatsu a ƙasa, ruwan wanke-wanke na bin tsakiya. Duk inda muka bi ina ganin yarinya ƙarama tana jan ƙafa da tire a ka. Ko a nan ta yi talla. Ko a wannan rijiyar aka aike ta. Ko ta yi kuka da Hausa, aka amsa mata da Dendi. Na tsaya ƙofar wani tsohon gida mai zaure irin namu, na daɗe, har wani tsoho ya leƙo ya ce wa nake nema. Na ce ba kowa.

Da la'asar muna dawowa, babura na shigowa gari da doya da zabi ɗaure a baya, tayoyinsu duk jar laka. Hajiya ta ce doya ta yi araha yau, mu saya. Na ce sai gobe, daga kasuwa. Ta dube ni kamar za ta yi magana, sai aka kira salla.

Lahadi da sassafe muka ɗauki zem biyu, wato masu baburan haya. Na ce ƙauyen da ke bayan Sérou, mai maɗaci a kasuwa. Nawa ya ce ya san shi. Bai tambaye ni me zan yi can ba, ni ma ban faɗa ba. Muka fita gari, muka bar kwalta, sai ga mu a jar hanyar nan ta jiya, wadda mata suka bi da kwanoni. Ko a nan ban gane ba. Abin da na lura kawai, hanya ba kowa. Na ce mun yi sammako ne.

Maɗacin yana nan, ƙato, kamar yadda direba ya faɗa. Rumfunan kara na nan kewaye da shi. Ba mutum ko ɗaya a ciki. Ɓawon doya, ganyen ɗaurin daddawa, gashin kaji, toka mai sanyi a murhun masu suya. Awaki ne ke cin kasuwa.

Muka zauna a kan wani benci muka jira. Rana ta ɗaga.

Can gefe wani mutum na kankare teburin nama da wuƙa, fatar akuya shanye a ƙasa. Ya daɗe yana satar kallonmu, sannan ya yi sallama da Hausa tsantsa, ta wajen Tawa. Mahauci ne, a ƙauyen yake zaune.

"Gwaggo, wa kuke jira?"

"Kasuwa."

"Kasuwa ta ci jiya."

"Yau Lahadi."

"Na sani."

"An ce mini ran Lahadi take ci."

Ya ajiye wuƙa, ya riƙe ciki yana dariya. Da ban gaji ba da na mare shi. Ya ga fuskata ya daina.

"Yi haƙuri Gwaggo, kaina nake wa dariya. Daga Nijar kike ko? Ai na gani. Nan ba kamar gida ba ne, da kowane gari ke da ranarsa, wannan Juma'a, wancan Laraba, har abada. Nan kasuwa zagayawa take, kwana hurhuɗu. In ta ci yau Lahadi, ta gaba Alhamis, ta gaba Litinin, haka take ta tafiya. Ba ruwanta da sunan rana. Zuwana na fari na ga ta ci ran Talata, Talata na zagayowa na yanka bunsuru tun asuba na rataye. Ni da ƙudaje muka yini. Kwana uku ina cin nama har na tsani kaina."

"Yanzu jiya da muka yini a Djougou muna kallon awarwaro," in ji maƙwabciyata, "ana nan ana ci?"

"Har magariba, Mama."

Ta juyo kaina. "Da kin buɗe bakin nan naki kin gaya wa Hajiya!"

Gaskiya ta faɗa. Shekara da shekaru ina ƙasar mutane, kasuwar Parakou kullum a buɗe take, ban taɓa tambayar yadda ta ƙauye ke ci ba. Ranakun garinmu na ɗauko a ka na zo da su.

Tun da abin ya riga ya lalace, sai na faɗa. Na ce wata mai kanwa nake nema, mai irin tsagata, tana jan ƙafa. Mahauci ya dubi fuskata da kyau, dariyar ta bar shi.

"Ga rumfarta can, ta uku daga maɗaci. Jiya tana nan har yamma. Ba nan ƙauyen take ba, gidan mijinta na cikin gonaki. Babur ba ya shiga yanzu, ruwa ya ci hanya. Za ki iya takawa?"

"Likita ya ce in riƙa takawa."

Na je rumfar tukuna. Garin kanwa ya zuba a ƙasa inda take baza kaya. Akwai dutsen da take zama, ya yi sumul. Na taɓa shi. Mahauci ya raka mu bakin gona ya nuna mana hanya da wuƙarsa, ya ce mu bi har mu ga kaɗanya biyu da suka haɗa kai.

Hanyar ƙafa ce tsakanin kunyoyin doya, laka na kama takalmi. Maƙwabciyata ta cire nata ta riƙe a hannu tana zagin ƙauye da mutanen ƙauye da ni. Ni gwiwa ta manta da ciwo. Mun tsallake wani ɗan rafi, muka ga kaɗanyun, bayansu ɗakuna uku na jar ƙasa da rumbu. Hayaƙi na tashi. Warin man kaɗe da ake dafawa ya tarye mu tun daga nesa.

Na yi sallama. Wata mata na sunkuye kan tukunya, ɗaurin ƙirji, ta yafa tsohon zane a kafaɗu saboda yayyafi. Ta miƙe ta taho. Ƙafar hagu take ja.

Ta tsaya. Na tsaya. Tsagar na nan, daga baki zuwa kunne. Goshi irin namu ne, amma rabin matan Arewa goshinsu haka yake. Ta tsufa, ta fi ni furfura. Na nemi fuskar yarinyar da na sani a cikin tata, ban samu ba, ban kuma rasa ba.

Ta kai hannu ta taɓa kumatunta, tana kallon nawa.

"Sannu da zuwa," ta ce. Hausarta ta kasuwa ce, a hankali take tsinto kalmomi. Mijinta Bayome ne, yana gona, da yarensa suke magana a gida.

Ta shimfiɗa mana buhu, ta kawo ruwa. Ban iya kewaye-kewaye ba, na tambaye ta kai tsaye.

"Ina ne garinku?"

"Ban sani ba. Arewa, aka ce."

"Sunan uwarki?"

"Inna."

Kowa uwarsa Inna ce. Na ce sunanta fa. Ta faɗi wani suna, ta ce tsohuwar da ta riƙe ta a Djougou ce ta sa mata, sunan 'yarta da ta rasu. Tsohuwar kanwa take sayarwa, ta rasu tun kafin ta aurar da ita. Na farkon ba ta tuna ba. Ta juya za ta gyara wuta, na ce, "Ladi." Ta waiwayo. Amma mu uku ne a gidan, ko me na kira za ta waiwayo.

"Me kike tunawa?"

Ta ci gaba da juya man.

"Dutse ja, dogo, bayan gari. Rijiya da jaki. Wani abu mai ɗaci da ake jiƙawa a tukunya, a ci." Ta yamutsa fuska kamar yana bakinta. Anza take nufi, ita muka ci a shekarar. "Da wata mai goya ni. Ba Inna ba. Ƙashin bayanta na soka mini ƙirji."

Maƙwabciyata ta fara share ido da gefen mayafi. Ni ban yi kuka ba. Duk yarinyar da aka fitar daga ƙasarmu a shekarar nan za ta faɗi haka, kuma ba Ladi kaɗai aka bayar ba, ba ita kaɗai shan inna ya taɓa ba. Duk mai goyo a lokacin ƙashi ce.

Na ciro geron na kwance mata. Ta ɗebo a tafin hannu ta kai hanci, ta daɗe ba ta sauke ba. Ta ce a nan dawa da masara ake yi, gero sai jefi-jefi, kuma ba ya wannan ƙamshin. Na ce ta kawo turmi. Muka surfa tare. Ita dakan doya ta iya, tana sauke taɓarya da ƙarfi kamar tana faɗa da turmin, gero na tsalle waje. Na ce, "A hankali, ba sakwara ba ce." Ta yi dariya, wushirya gare ta. Ladi haƙoran yarinta na sani, ba su gaya mini komai ba. Na nuna mata yadda ake karɓa-karɓa, ni in sauke ita ta ɗaga. Kafin a jima hannunmu ya daidaita. Maƙwabciyata ta hura wuta, muka dama kunu muka sha da kanwarta.

Daka ya sa ta zufa. Ta juya mini baya za ta ɗauki ƙwarya, ta kai hannu ta ture zanen da ke kafaɗunta, ya fara zamewa ta dama. Maƙwabciyata ta san zancen tawadar, na gaya mata a mota. Ta zaro ido ta miƙa wuya, ta buɗe baki. Na taka mata ƙafa.

Na tashi na kama zanen kafin ya sauka, na mayar mata a kafaɗa, na ja shi da kyau ya rufe.

"Iska ake yi," na ce. "Kada sanyi ya kama ki."

Ta ɗora hannunta a kan nawa, nan kan kafaɗar. Hannun duk kanta, yana santsin man kaɗe. Mun ɗan jima a tsaye.

Da azahar ta wuce na ce za mu koma, gobe akwai aiki. Ta cika mana ƙwarya da man kaɗe, ta ƙulla mini kanwa, ta ɗaura doya biyar da igiya, na ce ba za mu iya ɗauka ba, ta rage ɗaya. Ta rako mu har rafi tana jan ƙafar, na ce ta koma, ta ƙi. A bakin ruwa ta tsaya.

"Me zan ce miki? Hajiya?"

"Ban je Makka ba."

"To, Yaya."

"To."

"Za ki dawo?"

"Yaushe kasuwa?"

Ta lissafa da yatsu. "Laraba. Bayanta Lahadi."

"Lahadi ina nan."

Mun tsallake. Da na waiwaya daga nesa tana nan tsaye, zanen a kafaɗunta yadda na sa mata.

Maƙwabciyata ta riƙe bakinta har muka yi wa mahauci sallama, muka koma Djougou, muka yi wa Hajiya godiya da doya biyu, muka shiga motar Parakou. Sai da muka wuce gadar Bétérou ta fashe.

"Mai tuwo, ke wace irin mutum ce? Mun biya kuɗin mota, mun sha laka, kin taka mini ƙafa har yanzu tana zafi. Abu na gabanki, kallo ɗaya! Me ya hana ki dubawa?"

"In babu fa?"

"In akwai fa?"

"In akwai, Lahadi zan koma. In ban duba ba, Lahadi zan koma. In babu ne ban san abin da zan yi ba."

Ta dube ni, ta dubi taga. Can ta ce, "Wushiryar dai irin taki ce."

"Ni ba ni da wushirya. Haƙori ne ya fita."

Har direba ya yi dariya.

Mun iso Banikanni kafin magariba. Na sauke doya, na ajiye man kaɗe a kan kwalla, na jiƙa masarar gobe. Litinin da asuba na hura wuta kamar kullum, wasunku sun ci tuwon, kun ce miya ta yi daɗi. Kanwarta ce a ciki.

Abin da na koyo ba shi da yawa. In kun je ƙasar mutane, ku tambayi yadda suke ƙidaya kwanakinsu, kada ku tafi da na garinku a ka. In kun sauka gidan mai masauki, ku gaya mata abin da ya kawo ku. Kuma Djougou ba ta da nisa. Tun ina da ƙarfi take nan, rabin yini a mota, ni ina gaban murhu.

Tawadar na nan ko ba ta nan, Allah ya sani, shi ya sa ta. Sau ɗaya aka ɗauke mini Ladi ina tsaye ina kallo, ba zan miƙa ta da hannuna karo na biyu ba. Lahadi mai zuwa dama a rufe nake. Bayan ita kasuwar za ta bar Lahadi ta koma Alhamis, sannan Litinin. Duk ranar da kuka zo kuka tarar da tukwane a kife tsakiyar mako, kada ku aiko tambaya. Ku je wajen 'yar Najeriya ku sha koko.